Haddin Ƙwaƙwalwar Tarayya a Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai irin PostgreSQL, wanda ma'aikatu da kamfanoni ke ajiye lissafinsu a cikinsa, yakan tayar da hadimi dabam ga kowane mai neman bayani, kuma tun da ɗauko abu daga faifai yana da jinkiri ƙwarai idan aka kwatanta da ɗauko shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai aka keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwar wanda hadiman nan duka suke tarayya a kansa, kamar akushi guda da 'yan gida ke sa hannu a ciki. Abin da ɗaya ya karanto, sauran sun huta da neman sa.

Amma babbar manhajar da ke mulkin na'ura ba ta ba da wannan yanki sai da ƙa'ida. Usulin da aka gada daga tsarin System V, wanda kamfanin AT&T ya fitar a 1983, ya tanadi haddodi, biyu daga cikinsu ne suka shafe mu a nan, kuma Linux, ɗaya daga irin waɗannan manyan manhajoji, ta daɗe tana tsayar da na farkon, wato SHMMAX, a kan megabait 32 kacal, miƙdarin da ya wadatar a zamanin ƙananan na'urori, ya kuwa zama abin dariya sa'ad da aka shiga lissafin gigabait. Saboda haka a wancan lokacin mai kula da uwar garke, in ya bi shawarar masana ya ba rumbun rubu'in ƙwaƙwalwar na'urarsa, sai rumbun ya ƙi tashi ƙememe.

Maganin a lokacin shi ne ya ɗaga haddin da umarnin sysctl, ya kuma rubuta shi a fayil ɗin sysctl.conf, in ba haka ba gyaran ya ɓace da zarar an kashe na'ura. A nan ne illar take, domin SHMMAX, wanda ke iyakance girman yanki guda, da baiti ake auna shi, alhali kuwa SHMALL, wanda ke iyakance jimillar yankuna duka, da shafi ake ƙirga shi, kowane shafi galibi baiti 4096. Mai son gigabait 12 zai rubuta 12884901888 a na farko, 3145728 a na biyu. A ganina sakaci ne babba a sa mizani biyu a mas'ala ɗaya, kuma mutane da yawa sun sha wahala a kansa ba da laifinsu ba.

Sauƙi ya zo a 2013, lokacin da PostgreSQL 9.3 ta koma neman yankin ta wata hanya mai suna mmap, ba ta riƙe komai daga tsohon tsarin ba sai ɗan guntu, wanda da shi take hana uwar garke biyu su buɗe rumbu ɗaya a lokaci guda. A 2014 kuma Linux 3.16 ta ɗaga haddin har ya zama kamar babu. Masu aiki da rumbun bayanai na Oracle dai har yanzu sukan duba lambobin nan biyu kafin su ɗora manhajarsu.