Wunin Ɗalibin da Ke Farautar Hujja Tsakanin Ɗigo da Layi

Ɗauki biro ka ɗiga ɗigo huɗu a jere, ka ja layi tsakanin kowanne da maƙwabcinsa. Layi uku ke nan. Sai ka raba wa ɗigogin lambobi daga 0 zuwa 3, kowa da tasa, bisa sharaɗi ɗaya: in ka ɗebe ƙaramar lamba daga babbar a bakin kowane layi, kada wata amsa ta fito sau biyu. Gwada 0, 3, 1, 2. Layin farko ya ba da 3, na biyu 2, na uku 1. Ta yi.

Ɗan firamare ma zai iya wannan. Amma tun a shekarun 1960, daga ayyukan Gerhard Ringel da Anton Kotzig da Alexander Rosa, aka yi hasashen cewa duk zanen da ya yi rassa, wanda masana ke kira bishiya, wato ɗigoginsa duk a haɗe suke kuma babu layin da ya zagayo ya koma inda ya fito, zai karɓi irin wannan rabon lambobi. Kwamfuta ta tantance dukkan bishiyoyi har masu ɗigo 35, ba ta kama ko ɗaya da ta ƙi ba. Duk da haka har yau babu wanda ya kawo hujjar cewa maganar ta shafi kowace bishiya.

Irin wannan tambaya ce abincin yau da gobe na ɗalibin digirin farko da ya shiga bincike a lissafin ɗigo da layi, fannin da Leonhard Euler ya aza harsashinsa a 1736 da matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg. Da shi ne wayarka ke lalubo maka hanya mafi kusa a taswira, amma ɗalibin ba wannan ne a gabansa ba.

A Amurka akwai shirye-shiryen hutun bazara da ake yi musamman don irin waɗannan ɗalibai, kuma wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar Minnesota da ke Duluth, a gaɓar tafkin Superior, wanda Farfesa Joseph Gallian ya fara a 1977. Ana zaɓo ɗalibai 'yan kaɗan, su zauna wajen mako goma, a danƙa wa kowa matsalarsa. Babu lacca, babu jarrabawa. Abin da ya fi tayar wa sabon shiga hankali shi ne babu amsa a bayan littafi, kuma malamin da ya ba shi aikin shi ma bai san ta ba.

Malami mai hankali ba ya ɗora wa yaro hasashen gaba ɗaya. Yanka yake yi masa daidai baki. Alal misali, Rosa ya tabbatar tun 1967 cewa bishiyar da in ka tsinke ɗigoginta na ƙarshen rassa sai ta koma sanda miƙaƙƙiya tana karɓar rabon. Wadda kuwa sai an tsinke sau biyu kafin sandar ta fito, tata ba a gama ba har yanzu. A tsakanin nan ake yanko wa ɗalibi wani ƙaramin dangi na bishiyoyi, a ce je ka gwada.

Safiyarsa ta karatu ce, kuma karatun tsoro. Zai buɗe arXiv, rumbun da masana ke zuba sababbin takardunsu a intanet kyauta, ya kuma leƙa kundin da Gallian ɗin ke sabuntawa a kai a kai kan irin wannan rabon lambobi, mai shafi ɗaruruwa, don ya tabbata wani bai riga shi ba. Ba ƙaramin baƙin ciki ba ne mutum ya yi wata guda yana haƙilo, sannan ya tarar an buga abin tun kafin a haife shi.

Daga nan sai zane. Takarda bayan takarda, ɗigo biyar, ɗigo shida, a goge, a sake. In hannu ya gaji sai ya rubuta ɗan shiri a Python ko SageMath, kwamfuta ta karɓe shi. To amma ita ma tana da iyaka. Bishiyoyi masu ɗigo 10 guda 106 ne kacal. Masu ɗigo 20 sun kai 823,065. Kuma ko da na'urar ta ce "e" sau miliyan, ba ta ce komai a kan ta miliyan da ɗaya ba. Amfaninta biyu ne: ko ta tsamo misali ɗaya da ya rusa zatonsa ya huta, ko ta nuna masa wani tsari da ke ta maimaituwa, shi kuma ya zauna ya nemo dalilinsa.

A neman dalilin nan yawancin kwanaki ke tafiya, kuma yawancinsu hannu rabbana ake tashi. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ake koyo. Ɗalibin da ya saba zuwa na ɗaya a aji, wanda bai taɓa kwana da tambaya ba, yanzu zai yi mako biyu a wuri ɗaya. Wata rana da la'asar hujja ta haɗu, ya yi ta murna. Cikin dare yana rubuta ta dalla-dalla a manhajar LaTeX sai ya ga ashe ta tsaya ne kawai in adadin layukan ya rabu biyu daidai.

Shi ya sa ake tsayar da shi gaban allo kusan kowane mako, ya bayyana wa 'yan'uwansa inda ya kai, su kuma su yi ta huda maganar da tambaya. Ba cin fuska ba ne. A 1879 Alfred Kempe ya buga hujjar cewa launi huɗu sun isa a shafe kowace taswira ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba, duniya ta karɓa, sai a 1890 Percy Heawood ya gano ramin da ke cikinta. Aka jira har 1976 kafin Kenneth Appel da Wolfgang Haken su kammala aikin da taimakon kwamfuta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akan samu zakaran gwajin dafi. A 2020 Ashwin Sah, matashin da ya yi digirin farko a MIT, ya inganta wani sakamako na David Conlon kan abin da ake kira lambobin Ramsey da ya daɗe ba a motsa shi ba, kuma shi da abokin aikinsa Mehtaab Sawhney suka samu lambar yabo ta Morgan ta 2021, wadda ake ba ɗaliban digirin farko. Amma kada a auna kowa da su. Mafi yawa da ƙaramin sakamako suke tashi, shafi takwas ko goma kan dangi ɗaya na zane, sai dai nasu ne, kuma kafin su babu wanda ya san shi.

Fannin ba ya neman ɗakin gwaji ko sinadarai masu tsada. Takarda ce da biro da laftof madaidaiciya, SageMath da arXiv kuma kyauta ne. Malaman sassan lissafi na jami'o'inmu, in lokacin furojet ɗin shekarar ƙarshe ya zo, a daure a riƙa ba yaran nan ƙaramar tambaya wadda ba a amsa ba tukuna, maimakon a sa su tattaro abin da wasu suka gama.