Mai Ƙididdiga: Sana'ar Auna Abin da Ba a Ƙirga ba

Matashin garin Diggi da ya gama digirin lissafi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ko a jami'ar jiha da ke Aliero, hanya biyu yakan tarar idan ya nufi digiri na biyu: ƙididdiga ko lissafin harkar kuɗi. Tushensu ɗaya ne, wato ilimin auna yiwuwar faruwar abu. Inda suke kai mutum ne ya bambanta.

Aikin mai ƙididdiga ba a kwamfuta yake farawa ba. A ce ana son sanin shinkafar da aka noma a ƙaramar hukumar Kalgo. Ba wanda zai bi gona-gona, sai a zaɓi wasu ƙauyuka da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a horar da masu tambaya, a tura su. Nan ake gane gwani. Manomi da buhu da tiya yake lissafi, ba da kilo ba, buhun ma wani ya fi wani. Wanda kuma ake bi bashin noma, irin na shirin Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da wuya ya faɗa wa baƙo mai riƙe da takarda gaskiyar abin da ke rumbunsa. Dole a san yadda za a tsara tambayar, a auna gonar da ƙafa, a gwada maganar maigida da ta ɗansa. Bayan haka ne ake zama da manhajar R ko Stata a tace alƙaluman.

Kada a raina wannan aiki. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni, ta ɗauki aikin awa ɗaya a mako a matsayin aiki, sai rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari. Ba masana'anta aka buɗe ba, ma'anar aka canja. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a kuwa tun 2006, don haka kusan kowane shiri na rigakafi, makaranta ko rabon taki a kan ƙiyasi yake tafiya, kuma wani ne zai yi ƙiyasin.

Lissafin harkar kuɗi ya fi maiƙo, babu musu. Masaninsa ke sa wa hatsari farashi a banki, kamfanin inshora da asusun fansho. Sai dai kujerun kaɗan ne, yawancinsu a Legas da Abuja, ko Landan ga mai rabo. Kuma mafi yawan darussan a kan kuɗin ruwa aka gina su, abin da ɗan ƙasar Gwandu zai so ya tambayi malaminsa na addini a kai kafin ya biya kuɗin makaranta. Akwai mafita: bankin Jaiz, wanda ba ya harka da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, gwamnati ta sayar da sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017, ga kuma takaful, wato inshorar Musulunci.

A ganina, wanda bai shirya ƙaura ba, ƙididdiga ta fi masa. Ana koyar da ita kusa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Ahmadu Bello ta Zariya, kuma banki na iya ɗaukar mai ƙididdiga, amma ma'aikatar lafiya ba ta da aikin da za ta ba masanin hannun jari. Kafin ka cike fam, ɗan'uwa, ka bincika inda ɗaliban sashen na baya suke aiki yanzu.