Dalilin da ke sa mota karkata gefe guda bayan sauya tayoyi

Wani lokaci direba kan sayi sabbin tayoyi, amma da ya hau titi sai ya ji motar tana rinjaya gefe guda.

A fara da auna iska da safe kafin tayoyi su ɗauki zafi, domin mota kan karkata wajen tayar da iskarta ta gaza. Galibi adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Idan iska daidai take, mai faci ya musanya tayoyin gaba biyu. In karkatar ta koma ɗaya ɓangaren, aibin yana jikin taya, sai a mayar wa mai shago. In ba ta sauya ba, bakanike ya duba saitin ƙafafu, ya tabbatar birki ba ya riƙewa.

Sakaci da saitin kan cinye sabuwar taya tun ba a more ta ba.