Kayan Kwalliya Ma Suna Tsufa

A gidaje da dama, hoda da jan baki da maskarar da suka zo cikin akwatin lefe sukan kai har goyon ɗan fari suna jere a gaban madubi. Ba a zubar da su sai sun ƙare ƙarƙaf, domin a ganin mutane abin da ba a ci ba ya ruɓewa. Wannan fahimta kuwa tana jawo cuta. Masu haɗa kayan nan suna zuba musu sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, amma ƙarfinsa yana raguwa tun daga ranar da aka buɗe murfi. Duk lokacin da yatsa ya shiga kwalbar mai, ko burushi ya taɓa fatar ido ya koma mazubinsa, an kai baƙi ciki. Ga kuma zafin bazara, wanda a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, yana ƙara saurin lalacewar.

A shekarar 2019 masana a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun gwada kayan kwalliya 467 da mutane ke amfani da su, suka tarar kashi 79 zuwa 90 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da E. coli da aka fi sani da zama a hanji. Soson shafa fandeshan ne ya fi muni: kashi 93 ba a taɓa wanke su ba, kashi 64 sun taɓa faɗuwa ƙasa aka ɗauka aka ci gaba da shafawa. A fata, abin yakan tsaya ga ƙuraje da ƙaiƙayi. Ido ne ba ya ɗaukar wasa. Bututun maskara wuri ne mai duhu da danshi, idan kuma burushinsa ya ɗan karci saman ƙwayar ido, ƙwayar cutar Pseudomonas tana iya haifar da gyambon da zai taɓa gani cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa likitocin ido suke cewa a sauya maskara bayan wata 3, kuma kada a tofa mata miyau ko a ɗiga ruwa don ta bushe. Fandeshan mai ruwa yakan kai kimanin shekara 1, jan baki shekara 1 zuwa 2, busasshiyar hoda kusan shekara 2. A jikin kaya da yawa akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe ɗauke da 6M ko 12M, wato adadin watannin amfani bayan buɗewa.

Wata za ta ce ta shekara biyar da jagirarta ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, jiki yakan yi ta kare kansa, kuma fensirin da ake feƙewa bai kai kayan ruwa haɗari ba. Sai dai hazbiyar da ke yawan dawowa da jan idon da ake ɗora wa ƙurar hunturu, ba kasafai ake tuhumar gaban madubi da su ba. Wata kuma za ta ce zubar da abin da aka saya da tsada almubazzaranci ne. Asarar ta faru tun ranar da aka buɗe kwalabe biyar lokaci guda. A buɗe ɗaya, a bar sauran a rufe a wuri mai sanyi. Masu kafa hujja da kwallin kakanni ma su lura: busasshen kwalli ba ya saurin lalacewa, amma tsinke ɗaya da ke zagaya idanun gida shi ke yaɗa afolo, kuma wani kwallin na ɗauke da dalma. A 2011 an gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston, aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar sama da kashi 80 cikinsa dalma ce.

Masu sana'ar kwalliya, waɗanda ke bin fuskar amarya da ƙawayenta da soso ɗaya, su ne nauyin ya fi hawa kansu. Ke kuma 'yar'uwa, ki rubuta ranar buɗewa a jikin kowace kwalba, ki duba lambar NAFDAC kafin ki saya. Abin da ya sauya wari ko ya tsinke, da duk abin da ya taɓa idonki lokacin da yake ciwo, ki zubar da shi yau.