Bayan An Dawo Gida Da Sabuwar Hanta

Idan ɗan'uwa ya tafi Indiya ko Turkiyya aka yi masa dashen hanta, ya dawo da ƙafarsa, mukan yanka rago mu yi godiya ga Allah, mu ɗauka wahala ta ƙare. Dangi sun tara kuɗin aiki, wani har gonarsa ya sayar. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambaya: wa zai sayi magani a shekara ta biyu, da ta goma?

Garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar hanta tamkar baƙuwar da ba a gayyata ba, kullum neman korarta take yi. Likita Thomas Starzl ya fara wannan aiki a Denver ta Amurka a 1963, amma sai wajajen 1980, da aka samu ciclosporine, dashen ya zama abin dogaro. Yau galibi tacrolimus ake bayarwa, safe da dare, awa 12 tsakani, har ƙarshen rayuwa. Dole a riƙa auna yawansa cikin jini: in ya yi kaɗan jiki ya ƙi hantar, in ya yi yawa ƙoda ta ji jiki. Yakan kuma jawo ciwon suga da hawan jini. Wanda ciwon hanta nau'in B ya kai shi ga dashe, kamar da yawa daga mutanenmu, zai ci gaba da shan tenofovir ko makamancinsa, don kada ƙwayar cutar ta kama sabuwar.

Haɗari mafi girma yakan zo ne daga masu ƙauna. Goggo ta kawo jiƙon sassaƙe, maƙwabci ya ce ai ka warke, me ya sa kake ta shan ƙwaya? Ko maganin asibiti ma sai da taka-tsantsan: rifampicine, na tarin fuka, yana rage ƙarfin tacrolimus ƙwarai, don haka duk likitan da aka je wa a fara gaya masa zancen dashen.

Sai batun Ramadan, wanda ya fi damun masu tambayarmu. Yinin azumi a ƙasashenmu ya wuce awa 12, ga zafi, ga ƙoda mai bukatar ruwa. A shekarar farko likitoci kan hana azumin. Daga baya wanda jininsa ya daidaita yana iya neman likitansa ya tsara masa sha a sahur da buɗa-baki. In ya ce a'a, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, sai a je wurin malami a ji hukuncin ramuwa ko ciyarwa.