Gishirin Da Aka Zuba A Kanada, Mu Ke Biyan Kuɗinsa A Kalgo Da Gwandu

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙin gishiri ba ne. Tun zamanin kakanni fatake ke ɗauko shi a bisa jakuna daga kwarin Foga, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, su sauke a kasuwanninmu, a sa a miya, a ba dabbobi su lasa. Abin da kakanninmu ba su taɓa zato ba shi ne a wayi gari akwai ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a kan titi kamar yadda manomi ke watsa taki a gona, har ɓarnarsa ta tsallako teku ta iske jikokinsu a mararrabar Kalgo da hanyar Gwandu. To, abin da ke faruwa ke nan, kuma a kansa nake so mu tattauna da mai karatu a wannan mako.

A Kanada da arewacin Amurka da yawancin ƙasashen Turai, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara kan daskare a kan kwalta, hanya ta zama santsi tsantsa. Maganin da hukumomi suka samu mai araha shi ne gishiri, domin yana hana ruwa daskarewa da wuri. Idan sanyin ya tsananta har gishirin miya ya gaza, sai su koma ga wasu danginsa masu sinadarin kalsiyam ko maganiziyam, waɗanda suka fi shi naci, don suna janyo laima daga iska su manne a jikin ƙarfe. Kanada kaɗai takan zuba wajen tan miliyan 5 a shekara, Amurka kuwa ta ninka haka sau uku ko fiye. Duk motar da ta yi shekara goma tana yawo a Ontario ko Michigan ko Ohio ko New York, to cikinta ya sha wankan ruwan gishiri na hunturu goma.

Ina waɗannan motoci ke zuwa idan masu su sun gaji da su? Wurinmu. Sunan da muke kiran su da shi ma ya isa shaida: muna cewa motar Beljiyam ne saboda daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp aka daɗe ana lodo tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano, daga nan su ɓullo mana. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, harkar ta ƙara karkata Legas, amma asalin kayan bai sauya ba. Golf da Sharon da ke jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Bunza 'yan Turai ne. Sienna da Camry da Corolla da ma'aikata da malaman Jami'ar Tarayya da ke Kalgo ke sha'awa, akasarinsu daga Amurka da Kanada suke. Dillali zai goge fenti ya yi ƙyalli, ya fesa turare a kujeru, amma abin da gishiri ya shuka yana can ƙarƙashi, inda mai saye ba ya durƙusawa ya leƙa.

Cikin duk abin da gishiri ke ci a ƙarƙashin mota, wanda na fi jiye wa tsoro shi ne sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke bayan taya, wanda nauyin mota da na fasinja ke kansa. Ba kowane ƙarfe ake yin sa da shi ba. Ana haɗa shi da sinadarin silikon da kuromiyam, a gasa, a horar da shi yadda zai lanƙwasa ya miƙe sau miliyoyi bai gaji ba. Daga nan sai a yi masa luguden ƙananan ƙwayoyin ƙarfe don fatarsa ta tsuke, a shafe shi da sinadarin kariya, a rufe da fentin gari da ake gasawa a tanderu. Wannan rufi shi ne rigarsa. Muddin rigar na nan, ruwa ba ya yi masa komai. Amma a zoben ƙasa, inda sifirin ke zaune a kan mazauninsa, tsakuwa da yashi kan taru, suna gurzar rigar a kowane motsi har su huda ta. Da ruwan gishiri ya samu ƙofa, sai ya haƙa ɗan rami wanda bai fi ƙwayar gero ba. Duk nauyin da ya kamata ya bazu a jikin ƙarfen sai ya taru a bakin ramin, tsaga ta fara, tana tafiya a ɓoye, har ranar da za a faɗa wani rami a hanya ƙarfen ya tsinke. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan kuma tsinin da ya karye ya juya ya soki taya ko bututun burki mota na cikin gudu, sai dai wani ikon Allah.

Kada mai karatu ya ɗauka zuzutawa nake yi. Su kansu kamfanonin da ke ƙera motocin sun amsa laifin gishiri da aljihunsu. A 2004 kamfanin Ford ya kira ɗaruruwan dubban motocinsa ƙirar Taurus da Sable a jihohin Amurka masu zuba gishiri, saboda sifirin gaba na karyewa ya fasa taya. A 2010 kamfanin Toyota ya kira Sienna kusan 600,000, ƙirar 1998 zuwa 2010, saboda tsatsa na cinye wayar da ke riƙe da safayar taya a ƙarƙashin motar. A 2016 kuma ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. A can, wasiƙa ake aika wa mai mota a ce ya kawo a gyara kyauta. Idan motar ta sauka Apapa ta hau tirela zuwa Kebbi, wa zai aiko mana da wasiƙa?

Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta da wurin zama. Gaskiya ne iskar hunturu da zafin bazara suna sa tsatsa barci, amma ba sa kashe ta. Gishirin da ya maƙale a lunguna yana nan yana jiran laima, kuma daga Yuni zuwa Satumba yana samun ta har ya ƙoshi. Wanda ya san hanyoyin fadamar Kalgo da damina, ko hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Gwandu irin su Dalijan da Kambaza, ya san yadda laka ke liƙewa a ƙarƙashin mota ta yi kwanaki ba ta bushe ba. Ga kuma namu gishirin na gida da ba mu lura da shi: takin zamani. Buhun taki ɗaya ya fashe a bayan mota, ruwan sama ya bi ta kansa, abin da zai yi wa ƙarfe bai da maraba da na titin Kanada. A kan wannan ƙarfe mai rauni ne kuma muke ɗora buhunan albasa da shinkafa, mu cusa mutum takwas a motar mutum biyar.

Ana cikin wannan hali sai ga wani sabon yayi ya fara shigo wa matasanmu ta Facebook da TikTok, na durƙusar da mota ta kusa shafar ƙasa don ƙawa. A ƙasashen da abin ya samo asali, akwai kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus da ke ƙera gajeren sifirin musamman don haka. Yakan rage tsayin mota da santimita 3 zuwa 4, kuma an ƙara masa tauri don ya rama abin da ya rasa na tsawo. Ko a can, mai hankali ba ya saye sai ya tambayi irin rufin da aka yi masa, domin motar da ta matso ƙasa ta fi shan feshin ruwan gishiri da jifan tsakuwa. Mu kuwa a nan, na ga inda ake kai mota gareji a yanke zobe ɗaya ko biyu daga tsohon sifirin, ko a hura masa wutar walda har ya lotsa. Wuta tana kashe horon da aka yi wa ƙarfen, tana ƙone rigarsa, yankan kuma yana hana shi zama daidai a mazauninsa. Bayan haka, tazarar cikin Corolla ko Camry da ƙasa ba ta wuce wajen santimita 14 ko 15 ba. Ka cire 4, ka bi da ita ta kan tuddan rage gudu da ke cikin garuruwanmu, ka gani ko kaskon baƙin mai zai kai wata guda. Wasu motocin ma da gajeren sifirin suke isowa daga waje, mai saye bai sani ba, sai ya riƙa zargin hanya.

Direbobin haya su kuma akasin haka suke yi. Suna cusa guntayen roba ko tsohuwar taya tsakanin zobba don bayan mota ya ɗaga ya ɗauki kaya. Wannan ma ba dabara ba ce. Zobban da aka toshe sun daina aiki, ragowar su ke ɗaukar wahalar duka, kuma ƙarƙashin robar nan ne ruwa da yashi ke samun maɓoya.

To, mene ne abin yi ga wanda zai sayi sifirin? Na farko, ya nemi mai tsayin da kamfani ya yanka wa motarsa. Hanyoyinmu ba na gajeren sifirin ba ne. Wanda kuma ya nace sai ya rage tsayi, ya sayi wanda aka ƙera don ƙirar motarsa, mai ragi kaɗan, ya haɗa da shokozoba da ta dace da shi, ya kuma je a daidaita masa tayoyi bayan an ɗaura. Na biyu, ya dubi riga kafin ya dubi farashi. Rufin kamfani santsi gare shi, kaurinsa ɗaya ko'ina, kuma lambar kayan na bayyane a jiki. Wanda aka fesa wa baƙin fenti jiya a bayan shago, farce ma yana kankare shi, kuma za ka ga ƙuraje a ƙarƙashin fentin. Na uku, idan na hannu ne daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka, a wanke shi, a juya shi a rana, a bi zoben ƙasa da yatsa. Jan ƙura a sama ba komai ba ne, amma rami ko ɓawon da ke ɓarewa alama ce ta a ajiye shi, ko da kyauta ne. Araha ba ta ado. Na huɗu, a sauya biyu tare, dama da hagu, kuma kada a yar da robar mazauni da rigar roba da ke kan zoben ƙarshe, domin su ne ke raba ƙarfe da ƙarfe.

Mai sayen mota shi ma yana da hanyar gane inda ta fito. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana nuna ƙasar da aka ƙera mota ne, ba inda ta yi rayuwa ba, amma da ita ake binciko tarihin motocin Amurka da Kanada a intanet, a ga jihohin da aka yi musu rajista. Motar Texas ko Arizona ba ɗaya take da ta Michigan ba. Takardun gargaɗi da Ingilishi da Faransanci a jikin mota alama ce ta Kanada, haka ma wayar lantarki da ke leƙowa ta gaban inji, wadda ake ɗumama shi da ita a tsananin sanyi. Uwa uba, a hau da motar kan rami, a shiga da tocila tare da bakaniken da ba na dillali ba. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne, ba abin yabo ba. Bayan an saya kuma, a wanke cikinta da ruwa mai ƙarfi, a maimaita duk lokacin da aka fito daga laka ko aka yi dakon taki.

Sauran aikin na shugabanni ne. Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su sani cewa takarda da fitila ba su ne kaɗai lafiyar mota ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW za ta iya sa dokar leƙa ƙarƙashin kowace motar haya a farkon damina da ƙarshenta, kafin a ba ta layi a tasha. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero suna da injiniyoyin da za su iya zama da ƙungiyar bakanikai su nuna musu abin da wuta ke yi wa horarren ƙarfe. Dillalai kuma su ji tsoron Allah, ɓoye aibin kaya da fenti algus ne, kuma a nan ba kuɗi kaɗai ake cuta ba, rai ne.

Ba mu da iko a kan abin da ake zubawa a titunan Ontario, amma muna da iko a kan abin da muke ɗaura wa motar da za ta ɗauki 'ya'yanmu daga Gwandu zuwa makaranta a Kalgo. Durƙuson minti goma a ƙarƙashin mota bai kai zaman makoki na kwana uku tsada ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.