Hakeem Olajuwon, dogon da ya fara ƙwallon kwando a Sakkwato

Idan ka shiga gidan kallon ƙwallo a Birnin Kebbi ko Argungu ka tambayi matasa sunan ɗan Najeriyar da ya fi kowa ɗaukaka a fagen wasanni, za ka ji ana kiran Kanu da Okocha da Ahmed Musa. Da wuya wani ya ambaci Hakeem Olajuwon. Alhali a Amurka, inda ƙwallon kwando take da daraja irin ta ƙwallon ƙafa a wurinmu, ba a lissafa manyan 'yan wasan tarihi a tsallake shi. Kuma labarinsa ya shafe mu kai tsaye, domin a Sakkwato ya fara buga gasar wannan wasa, a zamanin da Birnin Kebbi da Argungu suke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991.

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san aikin da yake yi a fili. Mutum biyar ne a kowane ɓangare. Kwandon yana rataye a tsayin ƙafa 10, wato mita 3 da 'yan kai. A gasar NBA ta Amurka ana buga minti 48, kashi huɗu na minti 12, kuma ƙungiyar da ta riƙe ƙwallo tana da daƙiƙa 24 kacal ta jefa. Cikin biyar ɗin nan akwai wanda ake kira ɗan tsakiya, galibi shi ne mafi tsawo da ƙarfi, kuma mazauninsa gindin kwando. Idan ƙungiyarsa ta kai hari, yakan juya wa kwando baya, ya karɓi ƙwallo, ya nemi hanyar juyowa ya zura. Idan aka kawo musu hari, shi ne katanga ta ƙarshe, yana kaɗe ƙwallon da aka jefa tun tana tashi sama. Idan kuma ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, shi ake sa ran ya cafke ta kafin kowa. Akwai ƙa'ida guda da ke sa aikin ya yi wuya: da zarar ƙwallo ta gama hawa ta fara gangarowa zuwa kwando, haramun ne a taɓa ta, idan ka taɓa an ba abokan hamayya makin. Saboda haka mai kaɗewa sai ya san lokacin tsalle daidai, kamar yadda masunci a kogin Matan Fada ya san lokacin da zai haɗe bakin komarsa.

An haifi Hakeem a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, a gidan Yarabawa Musulmi masu sana'ar sayar da siminti. Tun yana yaro gola yake tsayawa a ƙwallon ƙafa, daga baya ya koma ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu, Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Legas, ta zo gasar wasannin makarantun horon malamai ta ƙasa da aka yi a Sakkwato. Sunansa yana cikin 'yan ƙwallon hannu. Wani ɗalibi ɗan uwansa ne ya je wurin koci ya roƙa a bar dogon yaron nan ya shiga tawagar ƙwallon kwando, aka amince. Shekara biyu bayan haka, a 1980, ya sauka a birnin Houston na Jihar Texas, inda kocin jami'ar garin, Guy Lewis, ya karɓe shi.

Da farko bai iya ba. Tsawo yana da shi, an rubuta masa ƙafa 7, amma ga rama, ga yawan yin laifi a fili, ga saurin gajiya. Abin da ya gyara shi shi ne hutun bazara da ya riƙa yi a wani zauren wasa na unguwa mai suna Fonde, inda yake karawa da Moses Malone, ƙaton ɗan tsakiyan Houston Rockets na lokacin, wanda ya riga ya zama gwarzon NBA. Malone bai raga masa ba, ture shi yake yi yana danne shi a gindin kwando kullum. Daga wannan gumurzu Hakeem ya fito wani mutum daban. Shi da Clyde Drexler suka kai jami'arsu wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983, aka doke su a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 ya sake kai su, Georgetown ta su Patrick Ewing ta cinye.

A NBA ƙungiyoyi kan zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi kowace shekara. A zaɓen 1984 Houston Rockets ce ke da damar farko, ta ɗauki Hakeem. Wanda aka ɗauka na uku a wannan rana shi ne Michael Jordan. Mutanen Portland da suka ɗauki Sam Bowie na biyu har yau ana yi musu gorin sun bar Jordan ya wuce, amma ba a cika jin wani ya zargi Houston ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida. A kakarsa ta farko yana cin maki sama da 20 a kowane wasa. A ta biyu, tare da wani dogon mai suna Ralph Sampson, suka fitar da Los Angeles Lakers masu riƙe da kofi, suka kai wasan ƙarshe na 1986, inda Boston Celtics ta rinjaye su da wasa 4 da 2.

Daga nan sai shekarun jira. Sampson ya samu ciwon gwiwa aka sayar da shi, ƙungiya ta yi rauni, Hakeem yana ta tara lambobi shi kaɗai ba kofi. A kakar 1988 zuwa 1989 ya kaɗe ƙwallo fiye da 200, ya kuma ƙwace fiye da 200 daga hannun abokan hamayya, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka guda sai shi. Ƙwace ƙwallo aikin gajeru ne masu zafin nama, ba a saba ganin ƙato yana yi ba. Ranar 29 ga Maris, 1990, a karawa da Milwaukee Bucks, ya ci maki 18, ya cafke ƙwallo 16, ya kaɗe 11, ya miƙa wa abokansa 10 da suka zura. Kai wa goma a fanni huɗu cikin wasa ɗaya, mutum huɗu ne kawai aka rubuta sun yi a tarihin NBA.

A ganina, abin da ya raba shi da sauran dogaye yana ƙasa, a tafin ƙafarsa. Laƙabinsa a Amurka The Dream, wato Mafarki, kuma salon da ya shahara da shi ana kiransa Dream Shake. Ga yadda yake: zai karɓi ƙwallo yana ba kwando baya, mai tsaronsa ya manne masa a gadon baya. Sai ya karkata kafaɗa hagu kamar can zai bi. Mai tsaro ya zuba nauyinsa can. Sai ya murɗa dama a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa. Mai tsaro ya yi tsalle. Hakeem bai bar ƙasa ba tukuna, sai ya sunkuya ya ratsa ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye ƙwallo a kwando a hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar kokawa lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya san wannan hikima, inda ɗan kokawa kan sa abokin karawarsa ya jingina nauyinsa wuri guda, sannan ya janye masa wurin. Hakeem da kansa ya sha danganta wannan iya taku da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro a Legas.

A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, a daidai lokacin da ya koma riƙon addini da gaske. A shekarunsa na farko an san shi da zafin zuciya da faɗa a fili. Bayan haka sai aka ga natsuwa ta shige shi, kuma da Rudy Tomjanovich ya zama koci a 1992, ya fara yarda da abokan wasansa, yana miƙa musu ƙwallo idan mutum biyu suka taru a kansa. Nan ƙungiyar ta miƙe.

Kakar 1993 zuwa 1994 ita ce ƙololuwa. Ya zama gwarzon ɗan wasan NBA, na farko da aka haifa a wajen Amurka da ya samu wannan lamba. Ya zama gwarzon mai tsaro. Ya zama gwarzon wasannin ƙarshe. Babu wani da ya haɗa ukun nan a kaka ɗaya. Abokan karawar Houston a waɗannan wasannin ƙarshe New York Knicks ne, wato Patrick Ewing ɗin nan da ya hana shi kofi a jami'a shekara goma baya. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi, kuma Knicks suna gaba da 3 da 2. A wasa na shida Houston tana da 86, Knicks 84, saura 'yan daƙiƙoƙi, John Starks na Knicks da hannunsa ke ci a daren ya samu ƙwallo daga nesa, inda jifa ke da maki uku. Da ta shiga, kofi ya tafi New York. Hakeem ya baro gindin kwando, ya miƙa hannu iya tsawonsa, 'yan yatsunsa suka shafi ƙwallon, ta faɗi ba ta kai ba. Suka ci wasa na bakwai da 90 da 84, kofin farko a tarihin Rockets.

Masu ƙorafi sun ce ai don Jordan ya ajiye wasa ne a wannan shekara. Amsar ta zo a 1995, lokacin da Jordan ya dawo amma Orlando Magic ta fitar da ƙungiyarsa. Houston ta shiga zagayen neman kofi a matsayi na shida a yankinta, babu wanda ya sa mata rai, sai dai tsohon abokinsa Drexler ya dawo gare shi a watan Fabrairu. Suka fitar da Utah, suka fitar da Phoenix bayan an sha gabansu da 3 da 1. Sai San Antonio, wadda ɗan tsakiyanta David Robinson ne aka ba gwarzon shekarar. Hakeem ya riƙa zuba masa maki 35 a kowane wasa cikin wasa shida, kuma hotunan yadda ya riƙa juya Robinson har yau su ake nuna wa masu koyo. A wasan ƙarshe ya haɗu da Shaquille O'Neal na Orlando, matashi mai ƙarfin gaske, Houston ta share Orlando 4 da nema. Wasan farko ma Hakeem ne ya tura ƙwallon nasara saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Akwai abin da mu da muka san azumi a zafin Kebbi za mu fi Amurkawa fahimta. Hakeem yana azumin Ramadan a tsakiyar kakar wasa, har da ranakun da wasa ya faɗo da rana, ba ruwa ba abinci, yana guje-guje da ture-ture da ƙarti. A 1995 azumi ya kama a farkon Fabrairu, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NBA na wannan wata. Manomin shinkafa da ke yini a fadamar Rima da bakinsa a bushe ya san abin da wannan ke nufi a jiki. Haka nan ya sa sunansa a takalmin Spalding da ake sayarwa kusan dala 35, a lokacin da takalman sauran taurari suka haura dala 100, saboda iyaye marasa ƙarfi. Da ya shiga harkar filaye da gidaje a Houston, da kuɗin hannu yake saye don gudun riba. Da Rockets suka tashi karrama shi a 2008, rigarsa mai lamba 34 aka sassaƙa a gaban filin wasansu maimakon siffarsa, don girmama aƙidarsa.

Abu ɗaya da ke yi wa 'yan Najeriya ciwo shi ne, ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, kuma zinaren Olamfik da ya ci a Atlanta a 1996 da rigar Amurka ya ci, a gasar da su Kanu suka ɗauko mana zinaren ƙwallon ƙafa. Ina jin wannan ciwon ni ma. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, kuma tawagar ƙwallon kwando ta Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a 2015 a Tunisiya bayan doke Angola.

Hakeem ya yi shekara 17 a Houston, ya ƙarasa da shekara ɗaya a Toronto, ya yi ritaya a 2002. Ya buga wasa 1,238, ya ci maki 26,946, ya cafke ƙwallo 13,748. An zaɓe shi wasan taurari sau 12. Ƙwallon da ya kaɗe 3,830 ce, kuma tun da aka fara ƙirga wannan a 1973 babu wanda ya kamo shi. Mai bi masa, Dikembe Mutombo ɗan Kongo, yana da 3,289. An shigar da shi zauren girmamawa na ƙwallon kwando a 2008. Kobe Bryant da LeBron James, suna kan ganiyarsu, sun je wurinsa koyon taku. Tun 2022 kofin da NBA ke ba gwarzon mai tsaro sunansa yake ɗauke da shi.

Duk wannan ya faro ne daga gasar makarantu da ɗalibi guda da ya lura da abokinsa. Dogayen yara ba su yi mana ƙaranci ba a Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma filin ƙwallon kwando bai kai rabin rabin na ƙwallon ƙafa ba, daɓen siminti ne da ƙarfe biyu. Ina roƙon shugabannin makarantunmu na sakandare da masu kula da wasanni na jiha su riƙa shirya gasar ƙwallon kwando tsakanin makarantu kowace shekara, a buga zagayen ƙarshe a Birnin Kebbi. Kai kuma malam, idan akwai wani dogon yaro a ajinka da ke tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ka miƙa masa ƙwallon kwando a wannan zangon karatu ka ga yadda ƙafarsa take.